Tururuwar Gwaggo da Sikelin Rifkatu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da yake babu wanda ya taɓa yi mini ita a gabana. Wai ni na kori Gwaggo Delu daga gidana, matar da ta goya ni ta aurar da ni, wai na fifita maganar wata 'yar boko a kan tata. Shekara da shekaru ina jin ana yi ina yin shiru, domin Gwaggo tana raye, kuma ba na son a tono abin da ni da ita muka riga muka rufe. Yanzu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, babanku ma ya bi ta, ni kaɗai na rage a dangi cikin waɗanda aka yi abin a gabansu. Karatuna bai wuce aji uku ba, sauran a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa shi da furfurata. In kun ga rubutu ya karkace ku gyara harafi, amma kada ku gyara mini magana.

A Kuta na haifi yayanku, a ɗakin Gwaggo, yadda ake yi wa haihuwar fari. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta dama mini kunun kanwa, ita take karɓarsa in ya yi kuka. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haifi uku, duk ta binne su tun ba su fara tafiya ba, shi ne aka ba ta ni ina 'yar yaye. Sana'arta awon hatsi a kasuwar Kuta, kuma hannunta ya saba da nauyi ƙwarai. Kome aka miƙa mata, ko ƙwarya ce ko kaza ko jariri, sai ta ɗaga shi sama ta sauke sau biyu kafin ta ce wani abu. Ranar da zan koma Minna haka ta yi wa yayanku, ta ce ya yi, ta ɗaura mini shi a baya.

A Tudun Fulani muke zaune, gidan haya mai ɗakuna a jere da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Babanku kafinta ne a lokacin, yana fita da safe ya dawo da ƙurar katako a gashin gira. Shekarun nan ne da kaya suka yi wuya, ana bin layi a kan sabulu da madarar gwangwani. Ruwa kuwa a rijiyar bakin hanya duk unguwa ke ɗiba. Ɗakin da ke jikin namu wata ɗaliba ce a ciki, Rifkatu, 'yar wajen Kuta ita ma, Kirista, tana karatu a sabuwar jami'ar da aka buɗe a Bosso. Ta girme ni kaɗan, don haka Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini Amarya kamar sauran 'yan gidan. Hausarta irin ta mutanen nan ce, wani lokaci ta ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke, kuma ba ta jin kunyar a yi mata dariya. Na taɓa tambayarta abin da take karantawa ta ce ƙididdiga. Na ce mene ne shi? Ta ce shi ne yadda mutum zai ɗebi kaɗan ya san labarin mai yawa. Na ce to Allah Ya taimaka, na ci gaba da tsintar shinkafata.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane kunyar ɗan fari ba. Ba na kiran sunansa, har yau ɗin nan ma kun san ba na kira. Ba na yi masa wasa a gaban mutane, ba na cewa nawa ne. In ya yi kuka da baƙi a ɗaki sai na kau da kai har wani ya ce, ke, ɗauki yaron mana. To amma in an watse, na saki labule, sai na kwance shi na yi ta dubawa. Na san kowane lungu na jikinsa. Na ga damtsensa ba ya yin ninki irin na ɗan Larai maƙwabciyarmu, wanda saboda ƙiba unguwa ta sa masa suna Buhu. Duk wata ina kai shi awo asibiti, a ɗiga masa ɗigo a kati, kuma kullum ɗigonsa a ƙarƙashin layin da aka ja yake sauka. Malamar asibiti ta ce in ci abinci sosai in ci gaba da ba shi nono. Ni kuwa abinci ba ya wuce mini wuya. Babu wanda zan gaya wa, domin faɗin ma rashin kunya ne.

Yana wajen wata biyar Gwaggo ta zo mana da sabuwar doya. Ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo hannu.

"Ina maigidan nawa? Kawo shi na ga ko ya fara tara mini kuɗin cefane."

Ta karɓe shi, ta ɗaga ta sauke, ta sake ɗagawa ta sauke. Na ga dariyar ta bar fuskarta.

"Kai, maigida. Ina naman da na tara maka a Kuta? Hajara, yaron nan sakayau yake."

Na sunkuyar da kai na ce yana shan nono.

"Ban ce ba ya sha ba. Me yake sha, shi ne magana."

Kwana biyu ta yi tana shiga gidajen unguwa da sunan gaisuwa, duk jaririn da ta gani sai ta ɗaga. Ta je bakin rijiya ta ɗanɗani ruwan ta tofar. A rana ta uku da hantsi ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini ɗan ƙaramin ƙoƙo ta ce in tatsa. Gwajin nono ke nan irin na mutanen da. Ana kamo tururuwa a jefa a ciki. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, nono ya ɓaci. Gwaggo ta kamo ɗaya a gindin mangwaro ta saka. Na zuba mata ido kamar raina ne a cikin ƙoƙon. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kusa kama baki ta zame, ta sake zamewa, daga nan ta daina motsi.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. A hankali ta ce ba laifina ba ne, ruwan rijiyar nan ne yake ɓata nonon matan unguwa, shi ya sa duk yaran Tudun Fulani ba su da nauyi. Ta ce ranar kasuwa za ta tafi da shi Kuta, akwai matar ɗan'uwanmu da ke shayarwa, ga nonon saniya, ga kunu. In ya yi tafiya sai a dawo mini da shi. Da babanku ya dawo ta gaya masa. Ya durƙusa yana murza hularsa, ya dubi yaron ya dubi ƙasa, ya ce duk yadda Gwaggo ta gani. Me zai ce wa surukarsa?

Washegari ina wanki a bayan ɗakuna, hawaye na ɗiga cikin baho, sai ga Rifkatu ta zo shanya. Ta tsaya ta dube ni.

"Amarya, wa ya mutu?"

Ban san yadda aka yi ba na gaya mata kome, abin da ban iya gaya wa kowa ba. Ta saurara har na gama, ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani. Da rana ta sami Gwaggo tana feraye doya a inuwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo kujera.

"Mama, an ce kai mai awo ne a Kuta."

"Ke mai awo ce za ki ce, 'yar nan. Ni ba namiji ba ce."

"Yi haƙuri, Mama. Tambaya gare ni. In aka ce wata mai awo a kasuwarku tana tauye mudu, kika saya sau ɗaya kika ga bai cika ba, za ki kai ta wajen sarkin kasuwa?"

"A kan mudu ɗaya? Ai hannu yana rawa. Ni kaina wani mudun ya yi tozo, wani ya kwanta. Sai na aiki mutane daban-daban su sayo mini, waɗanda ba ta san daga wurina suke ba, na juye na gani. In wannan ya ɗara, wancan ya gaza, to hannu ne. In kuwa duka ƙasa suke yi, ɓarauniya ce."

"Kafin ki juye ki gani fa, mece ce ita?"

"Kafin na gani mutuniyar kirki ce. Ba a ɗora wa mutum sata da ka."

"To, Mama, abin da ake koya mana ke nan a makaranta. Ki bari mu yi wa rijiyar nan haka."

Gwaggo ta ajiye wuƙa ta dube ta da kyau. Rifkatu ta yi mata bayani. Ta ce layin da ke jikin katin asibiti shi ne matsakaicin nauyin yara, wato in aka haɗa masu ƙiba da ramammu aka raba daidai. Ta ce za mu fara da ɗauka cewa rijiya ba ta da laifi, yaran unguwarmu daidai suke da na ko'ina. Sannan a ɗebi wasu a auna, a duba kowanne ko ya haura layin watanninsa ko ya gaza, da nawa, a haɗa a raba. In abin da ya fito ya faɗi ƙasa sosai, har ya kai inda da wuya a ce dacewar hannun mai ɗiba ce kawai, irin abin da in rijiya ba ta da laifi ba zai faru ba sai kamar sau ɗaya cikin ashirin, to Gwaggo ta yi gaskiya. Ta ce dole a yarda da wannan iyakar tun yanzu, kafin a auna ko yaro ɗaya, don kada kowa ya matsar da ita daga baya.

"In ta tabbata ke ce da gaskiya, Mama, ni da kaina zan riƙe miki kaya zuwa tasha."

Gwaggo ta ce ta ɗaga tafiyar zuwa kasuwa ta gaba. Ina jin ba don ta yarda da boko ba ne. Ta tabbata ne cewa hannunta ba ya ƙarya, kuma tana son sikeli ya shaida mata.

Rifkatu da ma tana neman aikin da za ta kai wa malamanta a shekarar ƙarshe, sai ta ce ta samu. Ta bi gida-gida ta rubuta sunan duk jaririn da bai kai shekara ba kuma uwarsa na shan rijiyar, ni nake yi mata jagora da goyona. A hanya na matso kusa da ita na ce, Anti, ba sai mun wahala ba, ni na san gidajen da ya kamata a auna. Na fara lissafa mata, Buhu na Larai, da tagwayen matar mai nama, da wata mai kumatu a bayan coci. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Ashe da safen nan Gwaggo ma ta ja ta gefe ta lissafa mata nata gidajen, duk na ramammu.

"Ke kina son manya, Mama tana son ƙanana. In na bi ki na yi ƙarya, in na bi ta na yi ƙarya. Ba wanda zai zaɓa."

Ta yayyanka takarda ƙanana, kowace da sunan yaro, ta nannaɗe ta zuba a ƙwarya ta girgiza. Ta ce Gwaggo ce za ta ɗebo talatin, tunda ba ta iya karatu ba hannunta ba zai yi son kai ba. Gwaggo ta ce yau ga ranar rashin karatu. Ta naɗe hannun riga tana ɗebowa, Rifkatu na karantawa. Ina ta addu'a a zuci Allah Ya fito da Buhu. Har aka cika talatin Buhu bai fito ba, tagwaye ma ba su fito ba. Yayanku kuwa ya fito. Larai ta ce ita ba ta yarda ba, ya za a yi awo a unguwar nan a bar mai unguwa? Rifkatu ta ce ta kawo shi za a auna shi don albarka, amma ba zai shiga lissafi ba.

Ranar awo gidanmu ya zama kamar gidan suna. Rifkatu ta aro sikeli mai ƙugiya, babanku ya ɗaure shi a reshen mangwaro da igiya kafin ya fita. Ana zura yaro cikin wani ɗan wando mai maɗauri a rataye shi, yana lilo yana tsala ihu. Mata sun cika tsakar gida, Musulmi da Kirista, Hausa da Gwaranci da Nufanci duk sun cakuɗe. Wata ta shayar da ɗanta har ya yi tumbuɗi don ya ƙara nauyi, wata ta bar wa tata guru da layu, Rifkatu ta ce a cire, ba malamin da ya rubuta za ta auna ba. Da aka rataya Buhu reshen ya sunkuyo, Larai ta rangaɗa guɗa. Gwaggo tana zaune a gindin bishiyar, duk yaron da aka sauke sai an miƙa mata ta ɗaga ta sauke. Na lura da wani abu a fuskarta. Wasu yaran da aka kawo ba ta taɓa ganinsu ba, daga gidajen can ciki suke, kuma da ta ɗaga su sai na ga ta ɗan yi turus. Da aka zo kan yayanku na miƙa wa Larai shi na juya baya kamar ina neman wani abu a madafi. Kukansa kaɗai na ji.

Rifkatu ta yi yini biyu tana danna 'yar na'urarta ta lissafi. Rannan da la'asar ta fito ta same mu, ni da Gwaggo, da Larai da wasu mata biyu da suka shigo jin sakamako.

"Mama, matsakaicin ya ɗan yi ƙasa da layi."

Gwaggo ta gyara zama.

"Amma kaɗan ne ƙwarai, bai ko kusanci iyakar da muka yi ba. Yaran sun bambanta sosai, wannan sama, wancan ƙasa. Da kin sake ɗiba daga ƙwaryar, wasu talatin ɗin za su iya ɗan haurawa. Irin wannan gazawar hannu ne, kamar mudunki. Ban sami hujjar kama rijiya ba."

Na manta da kunya na ce, "Anti, wato nonona lafiya lau?"

Ta dube ni, kuma na ga ba ta son faɗin abin da za ta faɗa.

"Ban ce haka ba, Amarya. Ban ma ce rijiya tana da kyau ba, na ce ban sami hujjar cewa tana da laifi ba. Kuma lissafina maganar unguwa yake yi, ba ya maganar yaro ɗaya. Naki yana cikin marasa nauyi, ba zan ɓoye miki ba."

A lokacin na ji haushinta. Kalma ɗaya kawai nake nema, ta hana ni. Sai da na girma na gane cewa wannan hanin shi ya sa na yarda da sauran abin da ta faɗa.

Gwaggo ta ce, "To madalla. Rijiya ta kuɓuta, na yarda, ba na jayayya da awo. Amma tururuwa ta mutu a gabana. Ko daga ina ɓacin ya fito, nonon nan ya ɓaci. Jibi za mu tafi."

Rifkatu ta ce a hankali, ba ga kowa ba, kuskure iri biyu ne a gabanmu. Ko a raba yaro da nono mai kyau, ko a bar shi a kan mara kyau. Ta ce babu lissafin da zai kawar da duka biyun, sai dai mutum ya zaɓi wanda zai fi tsoro. Ta san maganar ta fita daga hannunta.

Ni kuwa tun ranar ƙoƙon nan akwai abin da ke yi mini yawo a ka. Na sha ganin tururuwa ta faɗa cikin kunu, ko cikin ruwan sha, wata ta fito wata ta nutse. Ban taɓa cewa kunun ya ɓaci ba. Sai na ce,

"Gwaggo, tururuwa ɗaya kika saka."

Kowa ya waiwayo. Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da ta ɗauke ni. Na tashi na ɗauko ƙoƙo biyu, na shiga ɗaki na tatsa a ɗaya, na roƙi Larai ta tatsa a ɗayan. Ta ce, "Ni nawa ai ko giwa aka jefa za ta fito da ƙiba." Ba wanda ya yi dariya sosai. Na tsuguna a gindin mangwaro na yi ta kamo tururuwa ina sakawa, nan ɗaya can ɗaya, nan ɗaya can ɗaya. Matan suka zagaye. A ƙoƙona wasu suka kama baki suka fice, wasu suka nutse. A ƙoƙon Larai, uwar Buhu, wasu suka fice, wasu suka nutse. Larai ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha, to me Buhu yake sha?"

Da na tsaya a nan da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma na ɗago na ga Gwaggo tana kallon ƙoƙunan nan, ta miƙa hannu za ta ɗauki yayanku daga tabarma, sai na riga ta. Na rungume shi a ƙirji a gaban mutane, na kira sunansa, sunan da ban taɓa furtawa ba, na ce,

"Ɗana ne. Ba inda za shi."

Larai ta rufe baki da gefen zane. Gwaggo ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, kallon wanda ya ga baƙo a inda ya bar ɗan gida. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Babanku ya dawo ya yi ta ba ta haƙuri, Rifkatu ta durƙusa ta ce laifinta ne. Gwaggo ta ce ba laifin kowa, 'yar da ta goya ta girma, shi ke nan. Da safe ta tafi. Na bi ta har bakin hanya ina riƙe da ƙullinta, ta karɓa ba ta dube ni ba. Wannan ita ce korar da kuke ji.

Kada ku ɗauka na koma ɗaki da farin ciki. Na zaɓi kuskuren da zan iya ɗauka, amma ban san ko shi na yi ba. Yanzu in wani abu ya same shi babu wanda zan ce ya sa ni. Da ya fara haƙori ya yi zawo har idanunsa suka faɗa, na ce shi ke nan, na kashe shi da taurin kaina, na yi ta ganin tururuwar nan ta farko a idona. Allah Ya tashe shi. Rifkatu ce ta koya mini in daina kallon tsakanin ɗigonsa da layi, in riƙa kallon inda ɗigon ya dosa. Wata bayan wata yana ƙasa da layin, amma yana hawa tare da shi, gefe da gefe kamar ƙarfen titin jirgi. Na aika wa Gwaggo sabulu da atamfa da Sallah, ta karɓa ta ce a gode, ba ta tambayi kowa ba. Mutanen Kuta suka riƙa zuwa Minna suna wuce ƙofarmu. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, domin ba ni da wata uwa sai ita. Rifkatu ta gama karatunta ta sami aiki a wani gari, muka rabu da kuka, daga baya labarinta ya yanke mini. In tana raye Allah Ya saka mata, in ta rigaye mu Allah Ya dubi bayanta.

Da lokacin yaye ya yi, al'ada ita ce a kai yaro wajen kaka. Babanku ya ce a kai shi wajen mahaifiyarsa a Sabon Gari, kusa ne, kuma ba a san yadda Gwaggo za ta karɓe mu ba. Na ce a'a, Kuta za shi. Na goya shi muka hau mota. Muka same ta a tsakar gida tana gyara mudu da ƙwarya za ta kasuwa. Ta rame, ta ƙara tsufa. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa na kwance goyo na ajiye shi a ƙasa. Ya tsaya da ƙafafunsa sirara yana kallon kaji, sannan ya taka, ya taka, ya je ya kama bakin zanenta ya leƙa cikin ƙwaryar gero ya dumbuza.

"Kai! Wane ɓarawo ne wannan da rana tsaka?"

Ta kama shi ta ƙarƙashin hammata. Ta ɗaga ta sauke. Ta sake ɗagawa ta sauke. Na zuba mata ido kamar ranar ƙoƙo.

"Har yanzu sakayau. Ƙirar ubansa ce, ai da na duba uban tun farko."

Ta zaunar da shi a cinya tana kakkaɓe masa gero daga hannu. Da ta yi magana ba ni take kallo ba, shi take kallo.

"Na farina, tururuwa ta mutu, aka cire shi daga nono, bai yi wata biyu ba. Na biyu da na uku ko gwadawa ba a yi ba, aka ce an riga an sani. Ranar nan da na ga ƙoƙon Larai, ba ke nake gani ba, Hajara. Su nake gani. Mudu ɗaya aka auna mini."

Na rarrafa na kifa kaina a gwiwarta, kusa da ƙafarsa, muka yi kukanmu. Shi kuwa yana ta ƙoƙarin cusa mata gero a baki. Can ta share fuska da gefen mayafi ta ture ni.

"Tashi ki ba mu wuri, kin ɓata mana ciniki. Ni da maigidana kasuwa za mu."

Ta sunkuya, ni da hannuna na ɗora mata shi a baya, na miƙa mata zanen goyona ta ɗaure. Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu, ita tana tafe a hankali, shi kuma ya zura hannu ɗaya waje yana riƙe mata mudu.